Murzuna: Ɓarawon Zangarniya

Jama'a masu saurare, makiyaya da fatake, daga Zangon Wagadugu har Dori da Maraɗi, yau hirarmu a kan murzuna take.

Kai mai sayen hatsi dami-dami, ka san zangarniyar da za ka ɗaga ka ga an zagaye ta da tabo kamar an naɗa mata igiya, ga dusa-dusa tana zuba? To aikin murzuna ke nan. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne na dare, mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ko ka gan shi a bakin fitila ba za ka kula ba. Yakan fito daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwa ya zauna, daidai lokacin da gero ke fid da kai, ya zuba ƙwai a kan sabuwar zangarniya. Cikin kwana 3 zuwa 5 sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ta yi kusan wata tana cin fure da ɗanyen tsaba, tana kewaya zangarniya, sannan ta sauko ta nutse cikin ƙasa. Can za ta kwanta duk rani, sai wata damina. Haihuwa ɗaya a shekara, amma ta isa.

Yankinta Sahel ne, daga Senegal har Sudan, kuma ta yi ƙarfi ne bayan farin shekarun 1970. A nan Burkina arewa ta fi shan wahalarta, wajen Dori, musamman gero mai saurin nuna. Shekarar da ta yi yawa, dami ya yi girma a ido, a sussuka a rasa abin aunawa. Saboda haka, Alhaji, kwance damin ka duba ciki kafin ka sallama kuɗi. Amma ka kwantar da hankalinka, murzuna ba ta bin buhu. Tsutsar da ke yin yana cikin hatsin ajiya wata ce daban.

Ku kuma makiyaya, ga naku. Ma'aikatan INERA a Burkina da na INRAN a Nijar suna kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai kashe tsutsar murzuna. Cikin 'yan jakunkunan algarara ake saka shi, a rataye kusa da gonaki. In kun wuce da dabbobi kun ga jakar, ba mantuwar wani ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ku ja wa yara kunne su bar ta inda take.