SABON YARO A AJI BAƘO NE
(Jawabin da wani ɗan kasuwa ya yi a taron iyaye da malaman makarantar nazare, Sabo, Ibadan)



Ni dai ba malami ba ne, fataken goro ne suka haife ni, karatuna kuwa na allo ne da Islamiyya. Amma da aka ce in yi magana a kan yadda ake karɓar sabon yaro a aji, sai na ce wannan ai sana'ar gidanmu ce. Tun da aka kafa Sabo a 1916, baƙo ba ya sauka daga Arewa da shanu ko don sayen goro ya rasa maigida. Maigida zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali mai jin Yarbanci. To, yaro ɗan shekara uku a ranar farko shi ma baƙo ne, har ma ya fi bafatake ruɗewa, tunda bai taɓa rabuwa da uwarsa ba.

Bari in ba ku abin da ya faru a gidana. Jikana da aka kai shi wata makaranta, kwana uku yana dawowa wando jiƙe, yana kuka. Uwarsa ta ce kuiya ce. Ashe yaron ba ya jin Turanci ko Yarbanci, malamar kuma ba ta jin Hausa, ya rasa yadda zai ce yana jin fitsari. Ga kuma suna. A rajista an rubuta sunan yanka, mu kuwa a gida Abba muke ce masa, don sunan mahaifina gare shi. Ana ta kira, yaro bai san da shi ake ba. Saura kaɗan ubansa ya cire shi gaba ɗaya. Laifin kuwa har da namu, don ba mu gaya wa kowa komai ba.

Saboda haka, iyaye, ga roƙona. Kafin ranar shiga, ku kai yaro ya ga ajin, ya ga malamarsa, ya ga makewayi. Ku faɗa mata sunan da yake amsawa, da abincin da ba ya karɓarsa, da wanda zai riƙa ɗaukarsa in an tashi. Ku tafi da katin rigakafi. Allurar ƙyanda tun yana wata 9 ake fara ta, wanda ya tsallake a gyara, domin aji wuri ne na cuɗanya. Kuma don Allah a daina sulalewa ana barin yaro. Ki ce masa, "Zan tafi kasuwa, da azahar zan dawo," sannan ki cika alkawari. In kika gudu yau, gobe ba zai saki zanenki ba. Haka nan masu cewa, "In ba ka yi shiru ba zan kai ka makaranta a zane ka," ku ne kuke shuka tsoron.

Malamai kuma, mun san aikinku da nauyi. Abin da muke nema kaɗan ne: ku riƙe kalmomi huɗu na Hausa, ruwa, fitsari, yunwa, ciwo. Mu ma za mu koya wa namu cewa ruwa shi ne "omi", su kuma gaida ku da "e kaaro". Ku durƙusa daidai tsayin yaro ku kira sunansa, ai shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ku zaunar da shi kusa da wanda ya girme shi kaɗan mai jin harsuna biyu, wannan shi ne dillalinsa. In ya yi kuka a makon farko, a bar bulala, rarrashi ya isa.

Jama'a, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro firamare da ƙaramar sakandare. Amma yaron da ya tsani ƙofar aji tun yana ƙarami, da wuya ka tura shi shekara tara. Mu da muke zaune a ƙasar mutane, 'ya'yanmu ne za su cika mana takardu, su tsaya mana a ofis da asibiti.

Ina ba da shawara ƙungiya ta sa mata biyu masu jin Yarbanci su riƙa zama a makaranta makon farko na kowane zango. Kuɗin motarsu na zangon farko, ni zan biya.

Allah ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.