Amanar Tsofaffi: Ƙa'idojin Tsaro da Kyakkyawan Riƙo a Gidajen Gajiyayyu

Jawabin yau ya shafi gidajen da ake tara tsofaffi ana kula da su, watau gidajen gajiyayyu, da ƙa'idojin da ya wajaba su cika kafin a danƙa musu amanar ran mutum. An ɗauki birnin Maiduguri ya zama misali, domin abin da ya auku can ya isa darasi ga ƙasa baki ɗaya.

Bisa al'ada, tsoho a ɗakinsa yake tsufa, cikin 'ya'ya da jikoki. A ƙasar Hausa da ta Barno abin kunya ne a ce wane ya kai mahaifinsa wani gida ya ajiye, kuma Hukuma ba ta neman sauya wannan kyakkyawar al'ada. Amma fa zamani ya zo da abin da al'ada ba ta yi tanadinsa ba. Tun daga 2009 tashin hankalin da ya addabi arewa maso gabas ya raba jama'a da garuruwansu. Mutanen Bama da Gwoza da Dikwa da Marte suka kwararo Maiduguri, suka cika sansanoni irin su Bakassi da Dalori. A cikinsu akwai tsofaffin da 'ya'yansu suka rasu, ko suka watse ba a san inda suke ba. Da Gwamnatin Jihar Barno ta fara rufe sansanonin cikin birni a 2021, sai tambaya ta fito fili: tsohuwar da ba ta da ɗa, ba ta da ƙarfin noma, wa zai riƙe ta? Irin waɗannan bayin Allah su ne dalilin kafa gidajen gajiyayyu, kamar na Shahuci a Kano da na Yaba a Legas. To, tunda buƙata ta sa sai an yi su, lalle ne a yi su bisa ƙa'ida, ko na gwamnati ne, ko na ƙungiyar taimako, ko na ɗan kasuwa.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 17 na Tsarin Mulkin 1999 ya umurci gwamnati ta kare yara da tsofaffi daga zalunci da sakaci. Dokar Hana Cin Zarafin Mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka karɓa, ta mai da yasar da wanda ke ƙarƙashin riƙon mutum, ba ci ba sha, laifi mai hukunci. A watan Janairu 2018 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa. Cibiyar ta kama aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa Kan Tsufa, kuma daga cikin ayyukanta akwai tsara ma'aunin da za a riƙa gwada wuraren kula da tsofaffi da horon ma'aikatansu. Saboda haka riƙon tsoho ya wuce a ɗauke shi alfarmar da ake yi masa in an ga dama. Haƙƙinsa ne a gaban doka.

Daren da ruwa ya shigo

Ba a gane ingancin gidan gajiyayyu ranar da baƙi suka zo da buhunan shinkafa ana ɗaukar hoto. Ana gane shi ne daren da masifa ta auku. A daren 9 ga watan Satumba 2024, wayewar garin Talata 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya shiga Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Barno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Mai ƙafa ya gudu, uwa ta goya ɗanta, saurayi ya hau katanga. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuwa, ko makaho, ko tsohon da gwiwa ta hana shi tashi, sai fa in wani ya tuna da shi ya komo ya ɗauke shi. Kuma ba wannan ne karon farko ba, gama irin wannan ambaliya ta ci birnin a 1994.

Ko ƙasashe masu arziki ba su tsira ba. A 2005, lokacin guguwar Katrina, mutum 35 suka mutu cikin ruwa a wani gidan tsofaffi guda a Jihar Luwiziyana ta Amurka, saboda ba a kwashe su da wuri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da ya kamata kowane gida ya tanada tun ana zaune lafiya:

1. Kada a gina shi a kwari, ko bakin kogi, ko kan hanyar ruwa.
2. A rubuta sunan kowane tsoho, a nuna wanda ke tafiya da kansa, da mai dogara sanda, da wanda sai an ɗauka. A ajiye kwafin takardar a wani wuri daban.
3. Kowane ma'aikaci ya san tsofaffin da zai fitar, da motar da za ta kwashe su, da tudun da za a kai su.
4. A riƙa gwada fitar gaggawa a kai a kai, har da dare, gama da dare ma'aikata suka fi ƙaranci.
5. Da zarar hukumar agajin gaggawa ta yi gargaɗi, a fara da kwashe gajiyayyu, kada a jira a ga ruwa a ƙofa.

Gini da gobara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya kakkaɓe riga, ita ce ke karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi har ƙarshen ransa. Don haka ya kamata ɗakunan kwana su kasance a ƙasa, ba a bene ba. A guji daɓe mai santsi da dokin ƙofa mai tsawo. A kafa ƙarfen dafawa a bango da makewayi, a tanadi masai na zama domin wanda ba ya iya tsugunno, a bar fitila a hanyar makewayi dukan dare. Ƙofa ta yi faɗin da keken guragu zai wuce, kamar yadda dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta nema daga gine-ginen jama'a.

Mutanen Maiduguri ba su manta gobarar da ta cinye Kasuwar Monday a watan Fabrairu 2023 ba. Wuta ba ta jiran mai jan ƙafa. Ya wajaba kowane sashe ya sami mafita biyu, kuma kada a kulle tsofaffi da kwaɗo ta waje da sunan tsaro. Tagar da aka sa wa ƙarfe saboda ɓarayi, a bar mata wurin buɗewa. Lokacin hunturu a ba su barguna, kada a shigar da kaskon gawayi ɗakin da aka rufe, gama iskarsa na kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Haka nan hayaƙin janareto, sai a ajiye shi nesa da taga. A gayyaci 'yan kwana-kwana su duba gidan, su koya wa ma'aikata aiki da tukunyar kashe wuta.

Zafi da ruwa da lantarki

A bazara zafin Maiduguri yakan haura digiri 40. Tsoho kuwa ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar matashi, sai jikinsa ya bushe bai sani ba. Kada a jira ya roƙa. A riƙa kewayawa da ruwa ana miƙa masa, a samar da inuwa da tagogi masu shan iska. Ruwan ya zama tsarkakakke, rijiya nesa da masai, gama kwalarar da ta ɓulla a Jihar Barno bayan ambaliyar 2024 ta nuna abin da gurɓataccen ruwa ke haifarwa. A 2021, da aka lalata turakun lantarkin da ke kawo wuta ta hanyar Damaturu, birnin ya yi watanni cikin duhu. Gidan da ke riƙe da masu ciwon sukari, waɗanda allurarsu ke lalacewa in ta sha zafi, tilas ya mallaki wutar kansa, ko ta hasken rana ko ta inji.

Jinya da mutunci

Gini ko ya kai na sarki kyau, in ba ma'aikatan kirki, kango ne. Ya kamata a sami ma'aikacin jinya mai rajista da ke lura da gidan, da likita mai zuwa a kan lokaci, da asibitin da aka shirya da shi tun da wuri. Kowane tsoho da katinsa, mai nuna ciwonsa da maganinsa da lokacin sha. Magani ya zama mai lambar NAFDAC, a kulle shi a kabad. Wanda ke kwance a riƙa juya shi wajen kowace awa biyu, a sauya shimfiɗa in ta jiƙe, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Marar haƙori a dama masa kunu, a tausasa masa tuwo, a zaunar da shi kafin a ba shi don kada ya shaƙe.

Wanda gigin tsufa ya taɓa, yana mantuwa ko yana fita ba ya gane hanyar komowa, ciwo ne ke damunsa. Ba maye ba ne, kuma ba a ɗaure shi da igiya ko mari. A kai shi ga masana, irin na Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa a binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi, ma'aikaci biyu cikin uku sun amsa da bakinsu cewa sun taɓa muzguna wa waɗanda suke riƙo cikin shekara guda. Yawanci ƙarancin ma'aikata da gajiya da rashin horo ke jawo haka. Saboda haka a ɗauki isassu, a horar da su, a biya su kan kari. Mata su yi wa mata wanka, maza su yi wa maza, a bayan labule. A kira dattijo Baba, dattijuwa Iya ko Inna. A bar kowa ya yi ibadarsa bisa addininsa, kuma fanshonsa da 'yan kayansa nasa ne, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Aikin kowa ne

Duba waɗannan gidaje aikin ma'aikatun jin daɗin jama'a ne da na lafiya da duba-gari, amma idon hukuma ba ya kai ko'ina a kullum. Dangi da maƙwabta, da bulama da lawani, da mai unguwa da dagaci, da limamai da shugabannin coci, duk suna da haƙƙin leƙawa. Gani ya kori ji. Mai ziyara ya je ba tare da sanarwa ba, ya shiga makewayi da madafa, ya dubi bayan wanda ke kwance, ya keɓe da tsoho ya ji ta bakinsa. Sa'an nan ya tambayi shugaban gidan: in ruwa ko wuta ta zo cikin daren nan, wa zai ɗauki wannan da ba ya iya tashi, kuma ina za a kai shi? In aka rasa amsa, ko aka hana shi shiga, ya kai rahoto ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba.

Wanda duk Allah ya ja kwanansa, tsufa na nan na jiransa. Ƙa'idar da aka tsayar yau domin wani, ita za ta tsare mai tsayar da ita gobe.