Babbar jif a Landan: jari ce ko abin hawa?

Na san da kuka ga sunana kun zaci hawan jini ko ciwon suga zan sake ɗaukowa. Yau maganar mota zan yi, domin sau uku a bana wani daga cikinmu ya ja ni gefe ya ce zai saka kuɗin adashensa a babbar jif, wai an ce masa irinsu ba sa faɗuwa. Ni kuwa na riga ku shiga wannan ruwan.

Na sayi tawa, mai shan dizal, ina ta lissafin ribar da zan ci bayan shekara biyar. Ran 29 ga Agusta 2023 aka faɗaɗa dokar ULEZ ta mamaye Landan baki ɗaya: motar dizal da ba ta kai matakin Euro 6 ba, fam 12.50 a duk ranar da ta taka titi. Mai zuwa asibiti kwana 240 a shekara, fam 3,000 ke nan ya tashi a banza. Masu irin motata duk muka fito sayarwa lokaci guda, dillalai kuma suka yi mana tayin wulaƙanci. Laifina ne, don an daɗe ana sanar da dokar, ni ne ban karanta ba.

Ba ina cewa babu jif mai ƙara daraja ba. Akwai. A Disamba 2015, gidan gwanjo na Bonhams a nan Landan ya sayar da Land Rover Defender ta cikon miliyan biyu a kan fam 400,000. Ran 29 ga Janairu 2016 masana'antar Solihull ta fitar da tsohon samfurin na ƙarshe, wanda asalinsa ya faro tun 1948, jikar motar nan da iyayenmu suka sani a hannun En'e da 'yan sanda. Da aka daina ƙerawa sai farashin masu kyau ya tashi. Haka Range Rover ta farko mai ƙofa biyu, wadda ta fito a 1970, da tsofaffin G-Wagen na Mercedes da aka fara a 1979, da Land Cruiser samfurin 40. Amma ku lura da abin da ya haɗa su. An daina yin su, waɗanda suka rage da lafiyarsu kaɗan ne, kuma mai saye yana neman wadda ba a taɓa ta ba: injinta na asali, lambar jikinta ta yi daidai da takarda, tarihin gyaranta a rubuce, ƙarƙashinta babu tsatsa. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi ya cinye da yawansu daga ƙasa, fenti kuwa yana ta ƙyalli. Kamar majinyaci ne da ya shigo da babbar riga mai sitati; sai an duba ciki.

Doka ma tana tura farashi. A nan, motar da ta haura shekara 40 ana iya yi mata rajistar motar tarihi, ta huta da harajin hanya da kuɗin ULEZ. Amurka kuma tana barin a shigo da mota idan ta cika shekara 25, shi ya sa dillalansu ke bin Defender masu wannan shekarun. Defender ta ƙarshe, ta 2015, tana tsaka-tsaki: injinta Euro 5 ne, mai ita a Landan yana biyan fam 12.50 kamar yadda na biya.

To, wadda mu muke sha'awa fa? Sabuwa ce fil, mai kujerun fata, a kan bashin wata-wata. Wannan ana ƙera dubbai duk shekara, kuma shekaru ukun farko su ne mafi cin darajarta. Ga ƙarin harajin mota mai tsada na tsawon shekara biyar. Ga inshora: a 2023 satar Range Rover ta yi yawa a Landan har wasu kamfanoni suka ƙi karɓarta, wasu suka tsawwala kuɗi, sai da kamfanin da ke ƙera ta ya buɗe tasa inshorar ya kuma sabunta tsaron motocin. Motar da mai saye ba zai samu inshorarta da sauƙi ba, dole farashinta ya sauka. Wanda kuma ya ɗauke ta a kan bashi mai ruwa, ya fara zama da malaminsa kafin dillali. Wannan ba fagena ba ne.

Nan ne ake ce mini, “Likita, in ta ƙi tafiya a nan sai in tura ta gida.” Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin ƙasar sitiyarinsu a hagu yake, namu na nan a dama, kuma dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Sai an juya shi. Mai saye a Kano yana ganin alamar juyi zai rage kuɗi, mai tara tsofaffin motoci kuwa ba zai kalle ta ba. Ƙara kuɗin jirgin ruwa da na kwastan, sannan a biya ka da naira. Tsoho mai Land Cruiser da bakanikensa ke samun kayanta a Ƙofar Ruwa ya fi ka kwanciyar hankali.

Game da gaba, abin da nake gani shi ne kasuwar ta rabu biyu. Tsofaffin da suka haye shekara 40 da takardunsu za su riƙe daraja, ko da ba za su yi tashin da suka yi lokacin korona ba. Na tsakiya, masu dizal, na shekara goma zuwa ashirin, su ne za su ci gaba da shan ƙasa. Ko mai kyau ka samu, ka cire kuɗin gareji, don ba a ajiye irinta a bakin titi a Ilford, ka cire gyara da ladan gidan gwanjo kafin ka kira sauran riba.

Wanda ya riga ya saya, ya kawo mini takardar V5C da lambar motar bayan sallar la'asar. Mu duba matsayinta a shafin TfL da tarihin MOT ɗinta a wayata, duka kyauta ne.