Taswirar waya a hanyar Tenere: a gwada ta tun a gida

Mai girma mai unguwa, malamanmu, shugabannin tasha, direbobi da yaran mota, da iyayenmu mata da ke can baya, sannunku da zama. Na san akwai waɗanda lodi ke jira, ba zan cinye muku lokaci ba.

Tun da aka gano zinare a Jado da Cibarakaten a 2014, yaranmu na Agadas masu shiga jeji da Hilux sun ƙaru ƙwarai, kuma da yawansu ba su taɓa bin madugu ko sau ɗaya ba. Waya suka riƙe. To, tunda ita suka riƙe, a san wadda za a riƙe da yadda za a riƙe ta.

Rezo daban, GPS daban. Rezo daga eriyar kamfani yake zuwa, kana barin gari ya ɗauke. GPS kuwa taurarin ɗan'adam ne da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama. Wayarka sauraronsu kawai take yi, in ta ji huɗu ta san inda kake, ba sim, ba kati. Abin da ke buƙatar intanet shi ne taswirar kanta. Shi ya sa yaro zai wuce Turayat ya buɗe waya, ya ga ɗigo shuɗi zaune a tsakiyar farin allo, ba hanya ba rijiya, ya ce GPS ya mutu. Bai mutu ba, taswirar ce bai sauke ba tun yana gida.

Google Maps ya zo cikin yawancin wayoyinmu, kuma yana bari a sauke yanki. Amma don titi aka yi shi. Inda babu titi ba zai ja maka layi ba, hoton ƙasa daga sama ba ya sauka, abin da ka sauke ma yana da wa'adi. In Yamai za ka ko Kano, ba laifi. Hanyar Dirku kuwa, ban ba kowa shawararsa ba. Akwai kuma waɗanda kuke gani a talla, irin onX Offroad, wanda hanyoyin Amurka ya sa a gaba, da Gaia GPS, wanda sai ka biya kafin ka ajiye taswira a waya. Ku bar su.

Biyu nake so ku riƙe, Organic Maps da OsmAnd. Duka biyun daga OpenStreetMap suke ɗebo taswira, aikin da aka fara a Ingila a 2004, kuma 'yan sa kai ne ke zana shi. Inda wani ya zana hanya za ka gan ta, inda ba wanda ya zana fanko ne. Organic Maps kyauta ne, kuma mai sauƙi, ko wanda bai yi lakwal ba zai koya a zama ɗaya. OsmAnd ya fi wuyar sha'ani, na kyautar ma taswira bakwai kawai yake bari a sauke. Duk da haka shi nake zaɓa wa direba, domin yana rubuta sawun motarka tun daga tashi, yana bari ka kafa alama a rijiya ko wurin da ka binne jarkar mai, sannan ya ja maka layi miƙe zuwa can, ya gaya maka kilomita nawa ya rage.

Wannan rubuta sawun shi ne gaba ɗaya maganar. Kowa a nan ya san guguwar dare ɗaya tana shafe sawun taya ƙarƙaf, gari ya waye gabas da yamma duk yashi iri ɗaya. Sawun da ke cikin waya iska ba ta taɓa shi. Ka kauce, ka juya ka hau layin sawun nan ya mayar da kai inda ka fito. Ana kuma tura shi daga waya zuwa waya ta WhatsApp ko Bluetooth, sunan irin fayil ɗin GPX. Sai dai kada ka karɓi sawu sai daga wanda ya bi hanyar da kansa, ka kuma tambaye shi yaushe. Tudun yashi yana tafiya, rijiyar bara tana iya rufewa bana, kuma taswira ba ta san inda 'yan fashi suka koma ba.

Ku lura da lambobin da GPS ke nuna wuri da su, don nan ake yin kuskure ba a sani ba. Ana rubuta su hanya biyu. Agadas tana digiri 16 da minti 58 arewa, wato 16.97 a ɗayan rubutun. In aka karanto maka "sha shida, hamsin da takwas" ka buga 16.58, ka jefa kanka fiye da kilomita 40 kudu da inda ake nufi. Mai karantawa da mai bugawa su daidaita tukuna, a maimaita sau biyu.

Yanzu abin da waya ba za ta yi muku ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara. A tsakiyar 2017 wasu 44 suka rasu tsakanin nan da Dirku. Allah ya jiƙansu. Duka biyun mota ce ta lalace, ƙishirwa ta yi sauran. GPS zai gaya maka inda kake, amma ba zai gaya wa kowa ba. Wannan aikin Thuraya ne, wayar tauraron ɗan'adam, kuma in kuɗinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, motoci uku su haɗa su saya. A bi ayarin da sojoji ke rakawa, a ƙara ruwa fiye da lissafin tafiya, a bar wa na gida hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa. Tsofaffinmu masu sanin taurari da launin yashi kuwa, wanda ya samu ɗaya a motarsa ya ba shi kujerar gaba.

Waya kuma tana suma da zafi. In ka manna ta jikin gilashi da tsakar rana za ta kashe kanta, daidai lokacin da kake nemanta. A sa ta a inuwa, a danna alamar jirgin sama don batir ya daɗe, GPS zai ci gaba da aiki. A tanadi waya ta biyu, ko ta yaron mota ce, da taswira a ciki, lambobin rijiyoyi kuma a rubuta su da biro a littafi.

Shugabannin tasha, roƙona gare ku ɗaya ne. Kafin mota ta tashi, direba ya danna alamar jirgin sama a gabanku, ya buɗe taswira, ya nuna muku Dirku ko Bilma da sawun da zai bi. Wanda allonsa ya yi fari, ya sauke tukuna. Masu son a saka musu taswirar yau, ku same mu nan bayan la'asar da wayoyinku cike da caji.