Asusun Duhu: Roƙonmu Ga Ƙungiya Kafin Wuta Ta Sake Tafiya



Uwar ƙungiya da sauran shugabanni, iyayenmu da suka kafa wannan tafiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Allah Ya maimaita mana. An ce mu yi magana a madadin mata masu sana'ar da ba ta yiwuwa sai da sanyi: masu zoɓo da kunun aya da lamurje, masu ƙanƙara, masu fura da nono, masu kifi da kaji. Maganarmu yau guda ce, wato abin da doguwar ɗaukewar wuta ke yi wa jarinmu, da abin da muke roƙon ƙungiya ta yi a kai.

Babu wadda ta manta watan Oktoban 2024. Ɓata-gari sun riga sun lalata babban layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai aka koma dogaro da wanda ya taso daga Ugwuaji a Jihar Enugu ya biyo ta Apir a Binuwai. Ranar 21 ga wata shi ma ya samu matsala. Kano, Kaduna, Katsina, Jigawa, Bauchi, Gombe, duk muka shiga duhu fiye da mako guda. Ga shi a lokacin litar fetur ta haura naira 1,000, domin tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 farashin ya yi ta hawa har zuwa wannan lokacin.

Kun san yadda abin ya bi da mu. Kwana biyun farko muna cewa yanzu za a kawo. A rana ta uku firiza ta fara zubar da ruwa. Mai kifi ta karyar da kaya, wanda bai sayu ba aka soya aka raba wa maƙwabta. Ƙanƙara ta yi tsada, mai niƙa ya ƙara kuɗi, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka tunda injin burtsatse ba ya tashi sai da mai. Ko cajin waya sai da layi, kuma idan wayarki ta mutu, mai sayen kaya ba zai iya turo miki kuɗi ki gani ba.

To, a nan ne karatun da muke zuwa da yamma ya yi mana rana. Malama ta daɗe tana cewa mu riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Da wuta ta dawo muka zauna da littattafanmu, sai muka ga abin da ido ba ya gani a kasuwa. Mace mai zoɓo da ke sayen lita biyu kullum, sama da naira 2,000 ke nan a rana, a kwana goma ta haura 20,000, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Ciniki kuwa ana yi, kuɗi na shigowa hannu, ita tana ganin kamar tana samu. Ashe uwar kuɗi take ƙonawa a janareta. Wasu cikinmu sai da suka ci bashi kafin su sake sarin kaya, wasu har suka kasa zubin adashi na wannan wata. Waɗanda suka tsira da jarinsu su ne waɗanda suka haɗa kai, mata uku ko huɗu a layi ɗaya, suka tara kayansu a firiza guda, suka yi karo-karon mai. Firiza huɗu da rabin kaya, janareta huɗu ke nan. Firiza ɗaya cike, janareta ɗaya.

Ga abubuwan da muka koya, muna so kowace ta riƙe su. Firizar da ke cike da daskararren kaya, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyi kusan kwana biyu. Wadda take rabi, kwana ɗaya. Firji kuwa 'yan awoyi ne kawai. Saboda haka duk ranar da akwai wuta, a cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare, kuma a hana yara buɗe-buɗe. Ba dole janareta ya kwana yana aiki ba, a ba shi awoyinsa safe da yamma, a rufe firiza ruf. Shi kuma ɗan ƙaramin nan da ake gauraya masa fetur da baƙin mai, na fitila da fanka da caji ne. Firiza tana jan wuta da ƙarfi lokacin da za ta tashi, idan kika matsa masa sai ki rasa shi, ki rasa ta.

Masu kayan gwari, kada mu raina tukunyar ƙasa. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cike tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Har lambar yabo ta duniya ya samu a kanta a shekarar 2000. Tumatir, tattasai, yalo da alayyahu suna ƙara kwanaki a ciki, musamman da rani. Amma fa ba ta kifi da nama ba ce.

Yanzu ga maganar da ta fi jari, wato rai. Mazajenmu, da ku muke. Hayaƙin janareta yana ɗauke da guba wadda ba a ganinta, ba a jin warinta. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Mun sha ji a rediyo an wayi gari iyali guda sun tafi. Tsoron ɓarawo ke sa a shigar da shi soro ko kicin ko baranda, to a saya masa sarƙa da kwaɗo a bar shi a fili, nesa da taga da ƙofar ɗakin kwana. Kada a zuba masa mai yana aiki ko da zafinsa. Kada a ajiye galan ɗin fetur inda ake girki, kada a aiki yaro sayen mai a robar lemo. A wannan watan na Oktoba ne tankar mai ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa, jama'a suka je ɗiba, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tsadar mai ce ta ja su wurin.

Kada kuma mu ce wancan duhun ya wuce. Duk shekara idan damina ta kawo kai, iska tana kayar da turakun wuta, taransifoma ta ƙone, unguwa ta yi makonni ana karo-karo ana jira. Wannan ba ya shiga labarai, amma yadda yake cin jari duk ɗaya ne.

Shi ya sa muke roƙon ƙungiya ta buɗe abin da muka sa wa suna asusun duhu. Kowace mamba ta ƙara naira 200 a kan zubinta na mako. Idan kuɗin ya taru, a sayi babbar firiza mai aiki da hasken rana, da farantanta da batirinta, a ajiye a shagon ƙungiya, da wurin cajin waya. Ranar da akwai wuta, a riƙa yin ƙanƙara ana sayarwa, kuɗin ya koma asusu don gyara da canjin batiri. Ranar da babu, mambobi su kawo kayansu bisa tsari, kowace da kwandonta da sunanta a jiki.

Mun ji ƙorafin da ake yi, kuma ba mu raina shi ba. Masu ɗinki da masu sabulu sun ce su me za su samu? Yaya, kuɗin ƙanƙara na kowa ne, cajin waya na kowa ne, kuma idan mai zoɓo ta karye, zubin da za a ba ki ne ke yin giɓi. Wasu sun ce wa zai riƙe makulli, kada abin ya zama na 'yan gaban goshi. Gaskiya ne. Amsarmu ita ce littafi: mata uku su sa hannu kafin a fitar da ko kwabo, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a riƙa canza mai makulli. Da can sai mu ce wa zai duba mana, yanzu kuwa da yawanmu muna karanta lamba da idonmu. Wasu kuma sun ce naira 200 ma nauyi ce a wannan zamani. Mun sani. Amma ba ta kai kuɗin kwatan lita a farashin Oktoban 2024 ba.

A taron wata mai zuwa za a ɗaga hannu a kan wannan shawara. Ku je ku yi magana da mazajenku, ku buɗe littattafanku ku duba abin da mai ya ci muku a bara, sannan ku zo. Wadda ba ta yarda ba ma ta zo ta faɗi dalilinta, mu ji.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da asara, Ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya.