Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗalibai a Yelwan Yauri

 

Mai Martaba Sarkin Yauri, Allah ya ja zamaninka. Wakilin Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi. Shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Hakimai da dagatai. Shugaban wannan kwaleji da malamanta. Iyaye, da 'ya'yanmu da ake yayewa.

Ina taya ku murna, kuma zan ɗora muku kaya ɗaya tun kafin ku cire rigunan nan. Kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa hulɗa da ƙasashen waje a hannun gwamnatin tarayya, wannan ba gardama. Sai dai abin da Nijeriya ke kaiwa gaban duniya a fagen ilimi da kimiyya da al'adu, a jihohi ake shuka shi. Abuja ke sa hannu, amma jiha da masarauta da jama'a ne masu abin.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada, a 2024 kuma hawan dabar Kano ya bi sahu. Ba farin jini ne ya kai su ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 2003 ta shimfiɗa sharuɗɗa: a rubuta al'adar cikin kundin ƙasa, masu ita su amince da kansu, a kuma nuna yadda za a raya ta. Ba mai iya cika waɗannan daga ofishin UNESCO a Faris. Sai an shiga gari, an zauna da Sarkin Ruwa da makaɗa da dattawa.

To, me ya hana bikinmu na Rigata? Tseren jiragen ruwa da bajintar Gungawa a kan kogin Kwara ba su gaza kowane biki ba. Ga harsunan Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa, ga ilimin Sarkawa na ruwa da kifi. Duk dattijon da ya kwanta dama ba a naɗi muryarsa ba, ya tafi da abin da ba kuɗin da zai dawo da shi.

A fagen kimiyya ma mun daɗe da sanin baƙi. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da tsibirai, dubban iyayenmu suka yi ƙaura. A shekarar 1968 ɗin aka fara binciken tafkin da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya haifar da cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa. Daga baya Jamusawa suka zo, suka yi aiki da ma'aikatan Kebbi da Neja da sarakunan ruwa kan rajistar masunta da hana tarun dala mai kwashe ƙananan kifaye. Darasin a fili yake: baƙo kan zo da kuɗi da na'ura, wa'adinsa ya cika ya tafi. Abin da jiha ba ta sa a kasafinta ba, ba ta horar da 'ya'yanta a kansa ba, ba ya ɗorewa.

Saboda haka ina roƙon gwamnati abubuwa uku. Ta ware kuɗin tattara tarihin Rigata da harsunan bakin tafki. Ta ɗauki nauyin yaranmu su karanci kimiyyar ruwa da kiwon kifi. Kuma tunda Kebbi ta yi iyaka da Nijar da Benin, ta nemi a riƙa jin muryarta cikin tawagar Nijeriya a Hukumar Kogin Neja mai mazauni a Yamai, domin ruwan da ke ambaliya a Shanga da Wara daga can yake gangarowa.

Ku kuma 'ya'yana, ku ne za ku riƙe alƙalamin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku koma ƙauyukanku ku tambaya, ku rubuta, ku auna, ku ajiye, domin ranar da aka kira Yauri a zauren duniya, ɗan Yauri ne zai miƙe ya amsa da hujja a hannu.

Allah ya sa albarka a karatunku, ya saka wa iyaye da malamai, ya zaunar da ƙasar Yauri da Jihar Kebbi da Nijeriya lafiya. Allah ya maida kowa gidansa lafiya.