Maimaita "Wanda" a Cikin Wasiƙa

Yau za mu yi magana a kan ƙaramar kalma guda, wato "wanda". Namiji mu kan ce wanda, mace wadda, masu yawa waɗanda. Turawa kuwa ba su duba namiji ko mace. Su kan ce "who" ga mutum, "which" ga abu.

Wani ɗan ajinmu ya rubuta wa wansa a Kano haka: "Ka ba da buhun gero ga yaron nan, wanda ya zo jiya, wanda ya ke da jar hula, wanda ubansa maƙeri ne." Ya tambaye mu ko ya yi kuskure. Muka ce a'a. Nahawu bai hana maimaitawa ba, ko a Hausa ko a Turanci. Sai dai maganar ta yi nauyi a kunne. Da ya ce, "Yaron da ya zo jiya, mai jar hula, ɗan maƙeri," da ta fi daɗin ji.

To, amma akwai inda maimaitawa ke sāke ma'ana. Ku saurara. "Ka ba wanda ya kawo jaki, ya kuma kawo takarda, buhu guda." Wannan mutum ɗaya ne. "Ka ba wanda ya kawo jaki da wanda ya kawo takarda buhu guda." Nan mutum biyu ke nan. A Turanci ko an ce "and who", mutumin ɗaya ne. Mai juyawa zuwa Hausa in ya ce "da wanda", ya mai da ɗaya biyu, gero kuma ya tafi hannun da ba a nufa ba.

A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Malam Abubakar Imam ne edita. A ƙauyuka mutum ɗaya kan karanta, jama'a su saurara. Saboda haka rubutun da ya yi kama da magana shi ya fi amfani.

Mu ma a Tudun Jukun mu riƙe wannan. In mun gama wasiƙa, mu karanta wa wani da ƙarfi, mu tambaye shi: mutum nawa ka ji? In amsarsa ta yi daidai da nufinmu, sai mu aika. Allah ya taimake mu.